Haihuwar Dutse a Ƙofar Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da zafinta.

Ta zo mu ji ta, mun gyara mata wuri.

To, ku matso. Ke Ladiyo, bar tonon wutar nan, kunnenki nake so ba hannunki ba.

Wani gari ne na dabbobi a gindin wani tudu. A bisa tudun akwai kufai, a tsakiyar kufan kuma akwai dogayen duwatsu bakwai a tsaye. Shida sun yi da'ira, ɗaya na tsakiya, ya fi su tsawo da kauri, kansa ya ɗan karkace kamar tsohuwa mai sauraron gulma. Shi ake kira Kaka, kuma tunda kowa mace ya ɗauke shi, mu ma "ita" za mu ce. Ba wanda ya san wanda ya kafa su, kakan Kunkuru ma a tsaye ya same su. Sau ɗaya a shekara ake hawa a share gindinsu, a gaishe su, a sauko. Tsofaffi sun daina hawa, sai dai su ba da saƙon gaisuwa.

A garin akwai Kurege. Kurege yana da hannu, wannan ba za a hana shi ba, in ya ga abu sau ɗaya zai yi maka irinsa. Abin da ya rasa shi ne ƙugun sunkuyawa a gona. Damina ta faɗi, kowa ya ɗauki fartanya, shi ya ɗauki tabarma. Aka yi shuka yana kwance, aka yi noma yana kwance, aka yi girbi ya tashi ya yi miƙa ya ce, "Kai, bana an sha aiki!" Da rani ya yi nisa, ba komai a rumbunsa sai ƙura.

Ran nan yunwa ta hana shi kwanciya, ta hana shi zama. Ya gangara bakin kududdufi don ya ɗebe kewa, ya ɗebo laka, ya cuɗa ta da toka da ƙaiƙayi, ya hau mulmulawa. Wasa yake yi, Allah ya sani, a lokacin ba shi da wata niyya. Ya mulmula ɗaya, ya mulmula biyu, har bakwai, kowanne tsawonsu ɗaya da shi in ya miƙe tsaye. Ya karkata kan na tsakiya, ya shafa musu gansakuka, ya tsaga gefen ɗaya da farce yadda tsagar na bisa take. Ya jera su a ƙofar raminsa, shida da'ira, ɗaya tsakiya. Ya ja baya ya duba, ya fashe da dariya shi kaɗai, don kuwa sun fito sak.

Yana cikin dariya sai iska ta kawo masa ƙamshi. Kunun kanwa ne, mai yaji, mai zuma. Akuya ce ta haihu a maƙwabta, mata sai shiga suke da ƙore. Kurege ya bi ƙamshi, ya yi sallama, ya yi barka har sau uku, ya tsuguna kusa da ƙwarya.

Aka ce, "Malam Kurege, matsa. Na mai jego ne."

Ya ce, "Ko ludayi ɗaya?"

Aka ce, "Ka haihu?"

Ya ce, "Ban haihu ba."

Aka ce, "To matsa."

Ya dawo gida cikinsa na kuka. Ya zauna ya zuba wa 'yan duwatsunsa ido, ya daɗe yana dubansu. Can sai kunnensa na hagu ya motsa. In kunnen Kurege ya motsa, wani ne zai yi asara.

Da safe Tunkiya ta zo wucewa. Tunkiya kuwa kun san ta, abin da ta ji shi ne gaskiya, kuma ba ya kwana a cikinta.

Kurege ya ce, "Tunkiya, taka a hankali! Jarirai na barci."

Ta ce, "Jariran wa?"

Ya ce, "Kaka ce ta sauka. Ɗazu na ji gungurun-gungurun daga tudu, na leƙo, sai ga su suna gangarowa, su bakwai, suka jeru a ƙofata. Ta ce duk garin nan ni ta yarda da shi."

Tunkiya ta dafe ƙirji. Ta ce, "Wayyo, ga kan uwar nan sak! Yaushe ta ɗauki cikin ba mu sani ba?"

Ya ce, "Shekara ɗari uku da 'yan kai. Dutse ba ya gaggawa."

Kafin hantsi gari ya cika ƙofar Kurege. Aka buɗa hanya, Inna Bushiya ta shigo. Ita ce ungozomar garin, duk wanda ke tsaye a wurin ita ta yanke masa cibi, har shi Kuregen. Ta zagaya jariran, ta shinshina, ta sake zagayawa.

Ta ce, "Ikon Allah. Jarirai da warin kududdufi."

Kurege ya ce, "Ta nan suka biyo, Inna."

Ta ce, "Wannan kuma ga sawun yatsa a ƙeyarsa, irin naka."

Ya ce, "Ni na tare shi, Inna, da ya faɗa rijiya. Kin san jikin jariri da taushi."

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Kawo su in wanke."

Ya ce, "Mura ke damunsu, Inna. A bar su tukuna."

Inna Bushiya ta ce, "To, Allah ya raya." Ta yi murmushi ta koma gefe. Tsohuwa ce mai son wasa, kuma ita ma ba ta gaggawa.

Mata suka dama kunu suka kawo. Aka ce, "To ina za a kai? Mai jego tana bisa."

Kurege ya ce, "Kaka ba ta da baki. Ni ne bakinta."

Aka kawo kunun kanwa. "Ni ne bakinta." Aka kawo tuwo da man shanu. "Ni ne bakinta." Aka kawo gumba da zuma. "Ni ne bakinta." Bakin Kaka ya yi aiki rannan, ya yi aiki washegari, har cikin Kurege ya fara riga shi shiga rami.

Rana ta uku sai ga Inna Bushiya da ƙatuwar tukunya, da itace, da ganyen runhu. Ta girka, ta hura wuta, ruwa ya hau tafarfasa yana tsalle.

Kurege ya ce, "Inna, me za a dafa?"

Ta ce, "Wankan jego ne. Safe da yamma, kwana arba'in. Mun bar mai jego kwana biyu ba wanka, abin kunya ne a gare mu. Tunda kai ne bakinta, ashe kai ne bayanta. Zo ka duƙa."

Kurege ya dubi tukunya, tukunya ta yi masa tururi a fuska. Ya ce, "Inna, baki kaɗai ta ara a wurina. Baya tana da nata, ga shi can, faɗinsa ya ninka nawa sau ɗari. In na karɓi wankanta, sanyi ya kama ta, wa zai ɗauki alhaki? A kai mata ruwanta can."

Jama'a suka ce, "Gaskiya ne, a kai mata."

Wa zai kai? Aka duba, aka ga Raƙumi ya fi kowa tsawon ƙafa. Aka ɗaura masa tulu biyu. Ya hau, ya hau, kafin ya kai ruwa ya huce. Aka ce ai mai jego ba ta wanka da ruwan sanyi, aka ƙara masa itace da tukunya, ya dafa a can. Safe Raƙumi na hawa, yamma Raƙumi na hawa, yana fyaɗa wa dutse ganye yana cewa, "Sannu Kaka, sannu da jiki." Ni dai Raƙumin nan yana ba ni tausayi. Gwiwoyinsa suka kumbura, shi kuwa Kurege yana gindin inuwa yana aikin baki.

Rana ta shida Inna Bushiya ta dawo. Ta ce, "Gobe suna. An shirya, kowane jariri za a ajiye masa ƙwaryar gyaɗa soyayya a gabansa, ƙwarya bakwai."

Zuciyar Kurege ta yi fari ƙal. A duniya ba abin da yake so kamar gyaɗa, kuma ƙwarya bakwai za ta kai shi har damina.

Ta ce, "Sannan ni ban taɓa kai jariri suna da dauɗar haihuwa ba. Mura ko ba mura, gobe a gaban jama'a zan wanke su."

Zuciyar ta koma ta faɗi. Ya san abin da ruwa ke yi wa ɗanyar laka.

Ya zauna, kunne ya motsa. Da la'asar ya ce jarirai na barci, ba a son baƙi. Ya kwashe su ɗaya-ɗaya zuwa bayan kududdufi, ya jera, ya lulluɓe su da kara da busasshen kashin shanu yadda masu ginin tukwane ke yi, ya cinna wuta. Wuta na ci yana murna. Can sai ya ji tau! Da wuta ta mutu ya tona toka. Shida sun gasu, sun yi ja, sun yi ƙarfi, in ka ƙwanƙwasa har ƙara suke. Na bakwai kuwa ya tarwatse, sai sakaina.

Da wani ne, da ya ce ɗaya ya koma, a yi masa ta'aziyya, ya ci ƙwarya shida ya gode Allah. Amma Kurege ne. Ya ƙirga shida, ya tuna bakwai, ya ji kamar an cire masa haƙarƙari. Ya mulmula wani? Ba zai bushe kafin gobe ba. Ya dubi jariran, ya dubi kansa, ya miƙe tsaye kusa da su. Tsawonsu ɗaya.

Cikin dare ya mayar da shidan ƙofar raminsa, ya jera su. Da sassafe ya kira Tunkiya. Ya ce, "Zan hau tudu in taya mai jego zama, kada ta yi kaɗaici ranar suna. Ku raɗa suna, ku ajiye ƙore, ku yi wanka da sauri, ku watse. In an tambaye ki abin da ya sa suka yi ja, ki ce dutse a baibai yake yin komai."

Tana juya baya ya yi birgima a jar laka tun daga hanci har ƙafa. Ya tona ɗan rami ya binne wutsiyarsa, ya shiga da'ira wurin da na bakwai yake, ya miƙe ƙiƙam, ya manne hannuwa a ƙirji, ya rufe ido.

Gari ya taru. Inna Bushiya ta girka tukunya, ta dubi jarirai.

Ta ce, "Na kowa ja ake haifa ya yi duhu. Waɗannan sun fara da toka sun koma ja?"

Tunkiya ta ce, "Dutse a baibai yake yin komai, Inna."

Ta ce, "Ashe."

Dattijo Gauraka, wanda shi ke raɗa suna a garin, ya gyara murya, ya bi su ɗaya-ɗaya yana dafa kai. Ya ce, "Wannan Tsayau. Wannan Kafau. Wannan Daskarau. Wannan Ba-motsi. Wannan Ba-tari. Wannan mai kan uwar, Kakalle. Wannan na ƙarshe kuwa, Auta." Mata suka rangaɗa guɗa. Aka ajiye wa kowa ƙwaryarsa, gyaɗa mai zafi, yanzu aka sauke. Ƙamshi ya taso ya shiga hancin Auta. Hancin ya ɗan yi rawa, kuma Inna Bushiya ta gani.

Ta tsoma ganye a tukunya ta fyaɗa wa Tsayau. Fau! Tururi ya tashi, Tsayau bai motsa ba. Aka ce, "Jarumi!" Ta fyaɗa wa Kafau. Fau! "Jarumi!" Ta ce, "Ruwan nan ya fara hucewa, Raƙumi ƙara itace." Ta wanke Daskarau, ta wanke Ba-motsi, ta ce, "Ƙara itace." Ta wanke Ba-tari, ta wanke Kakalle. Auta ya buɗe ido ɗaya, ya ga tukunya, ya rufe.

Inna Bushiya ta tsaya a gabansa. Ta ce, "Wannan autan har da gashi."

Tunkiya ta ce, "Gansakuka ce, Inna."

Cikin Auta ya ce ƙululu.

Ta ce, "Ga shi kuma yana magana ta ciki."

Tunkiya ta ce, "Girma yake yi, Inna."

Ta ce, "Ya fi kowa dauɗa dai. Raƙumi, zuba sauran itacen duka."

Kurege ya ce a ransa, fyaɗi ɗaya ne, in na daure ƙwarya bakwai tawa ce. Ya cije. Ta tsoma ganye, ta bar shi ya jiƙa sosai, ta ɗaga, ta sauke masa a gadon baya.

Fau!

"Wayyo bayana! Wayyo Allah na ƙone!"

Auta ya yi sama, wutsiya ta fito daga ƙasa da ƙurarta, jar laka ta zube, ga Kurege tsulum a gaban gari. Tunkiya ta ce, "La! Dutse ya zama Malam Kurege!" Ba wanda ya kula ta. Aka ƙwanƙwasa Tsayau, aka ji ƙarar tukunya. Aka ƙwanƙwasa Kafau, aka ji ƙarar tukunya.

Raƙumi ya tako a hankali, yana ɗingishi. Ya ce, "Kwana huɗu. Safe da yamma. Ina gaishe da dutse da jiki." Ya ɗaga ƙafarsa, faɗinta ya kai faifai, inuwarta ta rufe Kurege gaba ɗaya.

Ba hanyar gudu, jama'a sun kewaye. Sai Kurege ya faɗi rigingine, ya hau wutsil-wutsil da ƙafafu, yana "Inyaa! Inyaa!"

Ya ce, "Baba Gauraka, wa ka raɗa wa suna Auta yanzun nan?"

Gauraka ya ce, "Wanda ke tsaye a nan."

"Wa ke tsaye a nan?"

"Kai."

"Ka dafa kaina?"

"Na dafa."

"An yi guɗa?"

"An yi."

"Kwanana nawa ke nan a duniya?"

Gauraka ya sosa tukkunsa, ya ce, "To, in ta suna za a bi, bakwai."

Kurege ya ce, "Bismillah, Baba Raƙumi. Taka jaririn kwana bakwai ranar sunansa, gari na kallo. Inyaa!"

Ƙafar Raƙumi ta tsaya a sama. Wani ya yi ƙyaƙ, wani ya kama, sai dariya ta ɓarke, Akuya har da faɗuwa. Raƙumi ya dubi dama, ya dubi hagu, ya sauke ƙafarsa a gefe yana gunaguni.

Kurege ya ga ya sha. Ya rarrafa wajen ƙore, ya ce, "To, gyaɗar yayyena ni zan riƙe musu, tunda ba su da baki."

Inna Bushiya ta ce, "Tsaya, Auta. Uwarku tana bisa, ba ta iya reno. Yaran da ba mai reno, dangi ke ɗauka riƙo, kowa da ƙwaryarsa. Wa ke so?"

Ashe kowa na so, don 'yan duwatsun sun yi kyau, wannan ko maƙiyin Kurege ya yarda. Tsoho Kunkuru ya ce, "Shekara talatin rabona da hawa tudu. A ba ni Tsayau in riƙa gaishe shi a ƙofata." Ya ɗauki Tsayau da ƙwaryarsa. Akuya ta ɗauki Kafau da ƙwaryarsa. Raƙumi ya ce shi Kakalle zai ɗauka, ko ba komai ya saba da uwarta. Kurege na kallo ƙwarya shida suka bi hanya shida.

Ya rungume ta bakwai. Ya ce, "Wannan dai tawa ce!"

Inna Bushiya ta ce, "Taka ce, ba mai musu. Kai kuma ni zan riƙe ka. Kawo in adana maka har ka yi haƙori."

Ya ce, "Ina da haƙori, Inna! Ga su!"

Ta ce, "Kwana bakwai da haƙori? Raƙumi, dawo ka ji, wai babba ne."

Raƙumi ya juyo, ya ɗaga ƙafa.

Kurege ya ce, "Dasashi ne! Wallahi dasashi ne! Inyaa!"

Ta karɓi ƙwarya ta ɗora a ka. Ta ce, "Yawwa. Taho mu je gida-gida mu yi godiyar suna. Amma jariri ba ya tafiya da ƙafarsa." Ta kwance majanyi, ta duƙa, ta juya masa baya. Ta ce, "Hau."

Kun dai san bayan bushiya.

Kurege ya dubi ƙayoyi, ya dubi ƙafar Raƙumi, ya sake duban ƙayoyi. Ya hau. Ta ja majanyi ta ɗaure tam, ta ƙara ƙulli. Ta kama hanya tana jijjiga shi, tana ɓare gyaɗa tana jefawa a baki, tana waƙa:

"Yi shiru Auta, ɗan dutse,
Gyaɗa ta manya ce,
Kai naka goyo."

Wannan karon kukan na gaske ne. Duk gidan da suka shiga sai a ce, "Kai, yaron nan da rigima yake, Inna jijjiga shi." Sai ta jijjiga. Gida arba'in ne a garin, ba ta tsallake ko ɗaya ba. A na ƙarshe gyaɗa ta ƙare, ta sassauta majanyi, Kurege ya zame ya diro, ya runtuma daji bai waiwaya ba.

Shi ya sa har yau in kun ga kurege a bakin gona ya miƙe ƙiƙam a kan ƙafa biyu, hannuwansa a kan cikinsa, ba gaishe ku yake ba. Ƙaya yake cirewa.

Ƙurunƙus, kan ɗan laka. Wanda bai yarda ba ya je ƙofar Raƙumi, Kakalle na nan a tsaye. Ku kuma in za ku yi ƙaryar haihuwa, ku fara zagayawa ku dubi bayan ungozoma.